Firaktikal ɗin kemistiri ya ƙarato: haddar teburi ko gishiri a hannu?

Malamin kemistiri, Gwaram:
Assalamu alaikum malamai da iyayenmu na wannan zaure. Ina da 'yan SS3 da za su zauna WAEC, kuma takarda ta uku, wato ta firaktikal, ce ke hana ni barci, musamman tambaya ta biyu, ta gano abin da ke cikin gishirin da aka ba yaro (gishiri a ma'anar kemistiri, ba na miya kaɗai ba). Lab ɗinmu ɗaki ɗaya ne. NaOH akwai, ammoniya akwai, HCl da BaCl₂ 'yan kaɗan ne, AgNO₃ kuwa ya ƙare tun zangon da ya wuce. Abin da nake yi yanzu, na zana musu teburin nan a allo, Ca²⁺, Pb²⁺, Zn²⁺, Al³⁺, Cu²⁺, Fe²⁺, Fe³⁺, kowanne da abin da yake yi in ya haɗu da NaOH da kuma ammoniya, kullum da safe su biya shi kamar karatun allo. Wani abokin aikina ya ce ɓata lokaci nake yi. Ni kuma na ce da babu gara ba daɗi. Don Allah ku ba ni shawara.

Malam, Rano:
Wa'alaikumussalam. Ci gaba da abinka Malam, kada kowa ya karya maka gwiwa. Teburin nan shi ne jarrabawar. Ayon, wato ɓangarorin gishiri masu caji, nawa ne duka? Bakwai ɗin da ka lissafa, ka ƙara NH₄⁺, sai CO₃²⁻, SO₄²⁻, SO₃²⁻, Cl⁻, NO₃⁻ da S²⁻. Yaron da ya haddace su ya ci rabin makin tun daga gida. Sannan ai kafin ranar ana turo wa makaranta takardar kayan da za ta tanada. Malami mai ido, da ya duba ya san gishirin da zai fito, sai ya zaunar da yara ya nuna musu abin da za su rubuta.

Malama, Bichi:
Malam na Rano, ban yarda da kai ba ko kaɗan, musamman maganarka ta ƙarshe. Takardar nan amana ce aka ba makaranta don ta shirya kaya, ba don a karanta wa yara amsa ba. Mu ajiye wannan tukuna. Ko ta fuskar cin maki ma, hadda kaɗai ba ta kai yaro. Sau da yawa gishiri biyu ake cakuɗawa, ɗaya yana narkewa a ruwa ɗaya ba ya narkewa, a ce ka zuba ruwa ka motsa ka tace, sannan ka gwada tataccen ruwan daban, abin da ya rage a takardar tata daban. Yarinyar da ba ta taɓa naɗe takardar tata ba, ranar za ta fara koya? Ga awa biyu kacal, ga taitireshan, wato gwajin auna ƙarfin asid ko alkali, yana jiranta.

Malami mai ritaya, Haɗeja:
Allah ya yi muku albarka da kuka ɗauko wannan magana. Na daɗe ina duba takardun yara, bari in gaya muku inda maki yake zubewa, don ba a wajen hadda yake zubewa ba.

Amsar tambaya ta biyu gida uku ce: gwajin da ka yi, abin da ka gani, sai abin da ka fahimta daga abin da ka gani. Gida na biyu shi ne ginshiƙi. In ya rushe, na uku ya bi shi, ko da abin da ka rubuta a can daidai ne. To yaran hadda gida na uku suka iya. Za ka ga yaro ya zuba HCl a kan farin gari, a gidan gani sai ya rubuta "CO₂ ya fita". Wa ya taɓa ganin CO₂ da ido? Abin da ya gani shi ne kumfa tana tashi, gas marar launi marar wari ya fita, ya juya jiƙaƙƙiyar takardar litmus shuɗiya zuwa ja-ja, ya mayar da ruwan Ca(OH)₂ fari-fari. Bayan ya rubuta wannan ne zai tsallaka gida na uku ya ce CO₂ ne, daga CO₃²⁻ ko HCO₃⁻.

Wani kuma zai ga guggubi fari ya bayyana a kwalbar gwaji, wato abin da muke taƙaitawa ppt, sai ya rubuta cewa ruwan ya yi fari. An rasa makin. Wani zai rubuta Fe tsirara, babu caji, alhali Fe²⁺ da Fe³⁺ ba abu ɗaya ba ne, ɗaya kore ne mai datti-datti, ɗaya ja ne mai ruwan tsatsa. Babban abin da ke ci mini rai shi ne gaggawa. An ce a zuba NaOH ɗigo-ɗigo sannan a zuba da yawa. Yaro sai ya tuttula rabin kwalba lokaci guda. In Zn²⁺ ne a ciki, guggubin ya fito ya narke kafin ya ƙifta ido, sai ya rubuta bai ga komai ba. Teburin yana kansa tsaf, hannunsa ne ya ci amanarsa.

Lokacin da tsohuwar Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, abin da aka sa gaba ke nan, yaron ƙauye ya riƙe kwalbar gwaji da hannunsa. Ba na son mu da kanmu mu sauka daga kan wannan.

Ɗaliba 'yar SS3, Kazaure:
Ina wuni Baba, ina wuni malamai. Ku yi haƙuri na shigo maganar manya, malaminmu ne ya sa mu a zauren. Ni inda nake rikicewa shi ne fararen nan uku. Pb²⁺ da Zn²⁺ da Al³⁺ duk suna ba da farin guggubi da NaOH, duk kuma suna narkewa in an ƙara. To wanne zan rubuta?

Malami mai ritaya, Haɗeja:
Duka ukun za ki rubuta, jikata. A wannan matakin amsar da ta cika ita ce Pb²⁺ ko Zn²⁺ ko Al³⁺. Wanda ya zaɓi ɗaya ya yi shaci-faɗi ne. Gwaji na gaba ne zai tace miki su.

Malama, Bichi:
Bari in ƙarasa mata, Baba. Ɗauki wani kason ruwan sabo, kada ki ƙara a kan wanda kika zuba wa NaOH. Ki ɗiga ammoniya a hankali, guggubi zai fito, sai ki ci gaba da zubawa kina girgizawa. In ya narke ruwan ya koma garau, Zn²⁺ ne, an gama. In ya ƙi narkewa, saura biyu. Sai ki sake ɗaukar wani kason ki ɗiga KI: Pb²⁺ zai ba ki guggubi rawaya shar, Al³⁺ ba zai motsa ba. In babu KI, HCl mai ruwa-ruwa ma ya isa. Pb²⁺ zai ba da farin guggubi wanda in kin ɗumama zai narke, in ya huce ya dawo. Ki kuma lura da kamanninsu: na Zn²⁺ da na Al³⁺ masu yauƙi ne, suna shawagi a ruwan, na Pb²⁺ gari-gari ne, yana saurin kwanciya.

Malam na Gwaram, Al³⁺ ba sai ka jira kwangila ba. Alif ɗin da mata ke jefawa a randa don ruwa ya kwanta, Al³⁺ ne da SO₄²⁻ a ciki. Ka daka guntu ka narkar. Da NaOH da ammoniya da BaCl₂ ɗin da ka ce kana da su, yara za su ga gwaji uku daga abin da ake sayarwa a kasuwar ƙauye.

Malam, Rano:
Magana mai daɗi, amma a ina? Ajina yara har bakin ƙofa suke zama. In kowa zai zuba NaOH a kwalba, kwana biyu ta ƙare, ranar jarrabawa mu kama kame-kame. Ku da kuke kusa da birni ba za ku gane ba.

Mai kula da lab, Dawakin Tofa:
Malam, wannan tana da magani. Atisaye ba sai da kwalbar gwaji cike ba. Ka samu farar leda mai kauri ko farin tayil, yaro ya ɗiga ɗigo biyu na ruwan gishirin, ya ɗiga ɗigo ɗaya na NaOH a gefensa su haɗu. Launin yana fitowa sarai. In farin guggubi ne, ka sa baƙar takarda a ƙarƙashin leda mai haske. Ledar ƙwayar magani da aka gama sha, mai ramuka-ramukan nan, in an wanke ta tas kowane rami kwalbar gwaji ce. Ƙaramar kwalba ɗaya za ta zagaye aji. Kwalaben gaske sai ka ajiye su don tacewa da ɗumamawa, rukuni-rukuni.

Amma ina roƙon arziki a kan abu uku. Kada a kawo ruwan batir makaranta wai don H₂SO₄ ne, ba ka san ƙarfinsa ba, kuma yana cin fata da tufafi. Sodar da ake yin sabulu NaOH ce, gaskiya ne, to malami ne kaɗai zai jiƙa ta, yana zuba ta kaɗan-kaɗan a ruwa don tana ɗaukar zafi, in ta fallatsa a ido kuwa sai dai Allah ya kiyaye. Sannan BaCl₂ da duk gishirin dalma guba ne. A wanke hannu kafin a fita tara, kada a zubar da su inda awaki ke shan ruwa.

Na kusa mantawa da ruwa. Kada ku narkar da gishiri da ruwan rijiya ko fiya wata. Akwai Cl⁻ da sauran ayon a cikinsu, kuna ɗiga AgNO₃ za ku ga ya yi fari, yara su ɗauka gishirin ne. In babu ruwan da aka tsiyaya ta tururi, a tari ruwan sama a fili a roba mai tsabta, bayan na farkon ya wanke ƙura, ba wanda ya bi ta indararo ba.

Mahaifin ɗalibi, Kafin Hausa:
Salamu alaikum malamai. Ni manomi ne, yarona ne ya sa ni a nan don in riƙa ganin sanarwa. Kwanan baya ya ce in ba shi ɗan takin zamani zai kai makaranta, na hana shi don ban ga haɗin taki da jarrabawa ba. Ashe da gaske yake?

Malama, Bichi:
Da gaske yake, Alhaji, in dai takin nan ne na amoniyam salfet, (NH₄)₂SO₄. Cokali ɗaya ya ishe su. In aka narkar aka zuba NaOH aka ɗumama, wani gas mai hawa kai zai fito, a kanga jiƙaƙƙiyar takardar litmus ja a bakin kwalbar ta koma shuɗiya. Ammoniya ce, shaidar NH₄⁺. Wani kason kuma a ɗiga BaCl₂, farin guggubi ya fito, a ƙara HCl ya ƙi narkewa, shaidar SO₄²⁻ ke nan. Yuriya dai kada ya kai, ba irin wannan gishirin ba ce, za ta rikita su. Kuma abin ya shafi gonarka: irin wannan takin in aka cakuɗa shi da toka, ammoniyar tashi take yi ta bi iska, abin da ka saya don shuka ya tafi.

Mahaifin ɗalibi, Kafin Hausa:
Ikon Allah. To gobe zan ɗebar masa. Allah ya saka da alheri Malama.

Malamin kemistiri, Gwaram:
Wallahi na ƙaru. Kanwa fa? Na san tana kumfa da lemon tsami. Sannan har yanzu ba mu taɓa ɗaya ɓangaren ba, na tsara gwaji. A tambaya ta uku ana cewa yaya za ka bambance kaza da kaza, ko yaya za ka raba cakuɗe, ko wace hattara za ka yi. Nan yarana suke yin shiru gaba ɗaya.

Mai kula da lab, Dawakin Tofa:
Kanwa ta fi kowanne amfani, saboda ba tsarkakakkiya ba ce. Na₂CO₃ da NaHCO₃ ne mafi yawanta, ga yashi ga wasu gishirin. Dole su narkar su tace, ka ga sun koyi tata. Su ɗiga BaCl₂ a tataccen ruwan, farin guggubi zai fito, mai gaggawa ya ce SO₄²⁻ ne. Sai ka ce ya ƙara HCl. Yana kallo guggubin zai riƙa narkewa yana kumfa. Daga ranar ba zai sake tambayar dalilin ƙara asid bayan BaCl₂ ba. In wani ɗan fari ya rage bai narke ba, to akwai salfet a kanwar, su rubuta haka.

Malami mai ritaya, Haɗeja:
Maganar tsara gwaji, bari mu yi ta a aikace. Jikata ta Kazaure, kina nan? Ga rijiya mai zartsi, mata suna kukan sabulu ba ya kumfa da ruwanta. Tsara mana gwajin da zai nuna ko ruwan ne ko sabulun, kuma ko tafasawa za ta gyara shi.

Ɗaliba 'yar SS3, Kazaure:
Ina nan Baba. Zan ɗebi ruwan rijiyar a kwalba, ruwan sama a wata kwalbar, in zuba musu Omo in girgiza, in ga wanda ya fi kumfa. Sai in tafasa na rijiyar in sake gwadawa.

Malami mai ritaya, Haɗeja:
Madalla, kin kama hanya, musamman da kika kawo ruwan sama, shi ne ma'aunin da za ki gwada sauran da shi. Yanzu amsa mini. Ruwa nawa a kowace kwalba? In ɗaya rabi ce ɗaya cike, kumfar da kika gani ta ruwan ce ko ta yawansa? Sau nawa za ki girgiza? Kuma "ya fi kumfa" da me za ki auna shi? Sannan Omo ba zai yi ba. Irin wannan garin wanki an yi shi ne don ya yi kumfa ko da ruwa mai Ca²⁺ da Mg²⁺, duka kwalaben za su cika da kumfa ki ce babu bambanci. Sabulun sanda za ki kankare ki narkar.

Ɗaliba 'yar SS3, Kazaure:
To Baba, na sake. Kwalba uku iri ɗaya, kowacce 25 cm³: ruwan sama, ruwan rijiya, da ruwan rijiyar da na tafasa ya huce. Ruwan sabulu guda ɗaya zan yi amfani da shi. Zan riƙa ɗiga shi da sirinji, 1 cm³ kowane zubi, in toshe in girgiza sau goma, har sai kumfar ta tsaya minti biyu ba ta kwanta ba. In rubuta yawan sabulun da kowacce ta ci a teburi, in maimaita don in tabbatar. In tafasasshen ya ci sabulu kaɗan kusan na ruwan sama, taurin na wucin gadi ne, Ca(HCO₃)₂. In ya ci daidai da ɗanyen, na dindindin ne, irin na CaSO₄, tafasawa ba ta cire shi.

Malami mai ritaya, Haɗeja:
Allah ya yi miki albarka. In kuma ya faɗo tsakiya, ya ragu amma bai kai na ruwan sama ba?

Ɗaliba 'yar SS3, Kazaure:
Duka biyun ke nan suna ciki, Baba.

Malami mai ritaya, Haɗeja:
Shi ke nan. Malamai, kun ga abin da ta yi: abu ɗaya ta canza, irin ruwan. Abu ɗaya ta auna, yawan sabulu. Sauran duk ta daidaita su. Ku ba su na tsatsa ma su tsara da kansu, ƙusa uku: ɗaya a ruwa da iska, ɗaya a tafasasshen ruwa an rufe samansa da mai, ɗaya a busasshiyar kwalba da CaCl₂ an toshe. Ko ɓawon ƙwai da HCl, dakakke da wanda ba a daka ba, nauyi ɗaya, a ga wanda zai riga gama kumfa. Kada ku ba su tsarin. Ku bar su su kawo na farko da gyambonsa, ku yi ta tambaya har su gyara.

Malam, Rano:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa ba. Amma a lura, yarinyar nan ta san Ca(HCO₃)₂ da CaSO₄ ne saboda ta haddace su. Babu wanda zai kalli guggubi shuɗi ya narke a ammoniya ya koma shuɗi mai duhu ya ce Cu²⁺ ne in bai san teburin ba. Gwajin zoben nan mai ruwan ƙasa na NO₃⁻ ma, da H₂SO₄ mai ƙarfi ake yi, wa zai ba aji guda su yi? Dole a haddace. Maganar takardar kaya kuwa, ku faɗi gaskiya, makarantu nawa ne ba sa leƙawa? In na hana nawa, su kaɗai za su cutu.

Malama, Bichi:
Teburin babu mai cewa a jefar da shi, Malam. Cewa muke yaro ya gani sannan ya haddace. Zoben kuma kai za ka yi a gabansu sau ɗaya: ka zuba FeSO₄ sabon jiƙo a ruwan gishirin, ka karkata kwalbar ka zurara asid ɗin ta jikinta a hankali, su matso rukuni-rukuni su ga zoben a inda ruwan biyu suka haɗu. Ka kuma bar musu guggubin Fe²⁺ a kan benci zuwa bayan tara, su dawo su tarar samansa ya fara komawa ruwan tsatsa, nan za su gane abin da ya sa ake cewa sabon jiƙo. Amma leƙen takarda, ko duk duniya na yi ni ba zan yi ba. Yaran nan wasu asibiti za su yi aiki, su auna jinin mutane. Wanda aka koya wa rubuta sakamako kafin ya yi gwaji, me kake tsammani zai yi a can?

Malam, Rano:
Wannan magana ta yi nauyi, Malama. Ni ma 'ya'yan talakawa nake ƙoƙarin fitarwa.

Shugaban zaure:
Malamai a yi haƙuri da juna, kowa alheri yake nufi da yaran. Amma a sani, ba a turo hoton takardar sirri ko hasashen gishirin bana a wannan zaure, wanda ya turo za a goge. A ci gaba da maganar atisaye.

Malamin kemistiri, Gwaram:
Na gode ƙwarai. Ranar kasuwa zan sayo alif da kanwa, taki kuma akwai a gida, in fara da ledar magani ranar Litinin. AgNO₃ zan roƙi makarantar da ke kusa da mu ko za su ɗiga mana kaɗan. Tambaya ta ƙarshe: ruwan Ca(OH)₂ ɗinmu ya daɗe, ko an busa masa ba ya yin fari. Ya lalace ne?

Mai kula da lab, Dawakin Tofa:
Ya sha iska, Malam. CO₂ ɗin da ke cikin iska ya riga ya mayar da shi CaCO₃, shi ne ɓawon da za ka gani a saman kwalbar da gindinta. Jiƙa sabo: ɗan garin Ca(OH)₂ a ruwa mai tsabta, ka girgiza sosai, ka bar shi ya kwana, ka tsiyaye garau ɗin sama a kwalba mai murfi. Ka gwada da tsinken shan lemo, busawa kaɗan zai yi fari. Ka sa wani yaro ya ci gaba da busawa a ɗan kaɗan daga ciki, za su ga farin yana washewa, don CaCO₃ ɗin ya koma Ca(HCO₃)₂ mai narkewa, wanda 'yarmu ta Kazaure ta ambata ɗazu. AgNO₃ kuma in sun ba ka, ka tafi da kwalba mai duhu, ko ka naɗe ta da baƙar leda, haske yana lalata shi. Kafin ka ɗiga shi a fara zuba HNO₃ mai ruwa-ruwa, ba HCl ba, in ba haka ba kai da kanka ka zuba Cl⁻ ɗin da kake nema.